Bijimin Cikin Tulu da Nakiyar Dakta

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa a Daura, kuma a cikin shekarun nan na ga masu ilimi iri-iri sun shigo sun fita. Akwai wanda ya zo takanas ya koya mana wanke hannu. Akwai wadda ta zo ta ɗauki hoton awaki ta koma inda ta fito. Duk na yafe musu, don ba su tafi da komai namu ba sai lokaci. Mutum ɗaya ne har yau idan na tuna shi sai na ja tsaki, ko da ina tsakiyar cin abinci ne. Ƙanin matar mai asibitin ne, kowa Dakta yake ce masa, shi ma haka yake ce wa kansa.

Ni ba likita ba ne. Malamin dabbobi ne, mai allura da wanke miki, kuma ni ne mai sa wa shanu iri. Idan saniya ta nemi sa, maimakon a kai ta wurin bijimi, sai in zo da irin bijimin a cikin wani ɗan siririn bututu in sa mata da hannu. Mu tsinke muke ce wa bututun, don bai fi tsinken tsintsiya kauri da yawa ba. Tsinkayen suna zaune ne a cikin wani tulun ƙarfe mai ƙaramin baki, cikin ruwan naitirojin, wanda makiyaya ke kira ruwan sanyi. Ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Kullum raguwa yake yi yana bin iska, ko an buɗe tulun ko ba a buɗe ba. Muddin akwai shi a ciki, irin yana nan da ransa, ko shekara nawa zai yi. Ranar da ya ƙafe kuwa an gama, babu wani magani da zai tashe shi. Shi ya sa kowace safiya, tun kafin in gaisa da kowa, nakan zura wata baƙar sanda a tulun, in zaro ta in kaɗa a iska, in ga inda farin sanyin da ya kama ta ya tsaya. Daga Kano ake kawo mana ruwan, idan direba ya ga dama.

A cikin tulun akwai wani ɗan gwangwani da na ɗaura wa jan zare. Tsinke bakwai ne a cikinsa, kuma ba na asibiti ba ne. Na wani dattijo ne makiyayi da ke zaune a ruga gabas da garin Babban Mutum, wanda nake kira Baffa. Ya taɓa mallakar wani jan bijimi mai dogon ƙaho, rahaji na asali, tsatson shanun da ya gada daga mahaifinsa. Wata shekara wasu masu bincike suka zo neman irin shanun gida, suka ga bijimin nan suka tsaya suna kallo kamar ba su taɓa ganin sa ba. Sai da na yi sawu huɗu a rugar kafin Baffa ya yarda a ɗebi irinsa, kuma da sharaɗin za a dawo masa da rabonsa. Suka cika alkawari, abin da ban zata ba. Bayan wata biyar ciwon huhu ya shiga garken. Bijimin ya faɗi, manyan shanun suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage wa Baffa na wannan tsatso shi ne karsana ɗaya ja, wadda ba ta isa barbara ba tukuna, sai tsinke bakwai a cikin tuluna.

Duk lokacin da ya shigo gari sai ya biyo ta asibiti. Ba ya zama. Yakan tsaya daga bakin ƙofa, ya tokare da sandarsa, mu gaisa, sannan ya nuna ɗakin tulun da haɓa.

"Malam, baƙon namu fa? Yana lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa. Barcinsa yake yi."

"To madalla. A bar shi ya huta. Ita ma yarinyar tana tasowa. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, sai mu ɗaura musu aure."

Ya yi dariya, in yi dariya, ya wuce. Kusan shekara biyu muna haka.

Dakta ya sauka ne a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza ba ta son fita rana. Ya yi karatu a ƙasar waje, kuma ba ya barin ka manta da wannan na tsawon minti biyar. Idan zai yi mana magana sai ya ɗaga murya yana jan kalmomi, kamar dukkanmu kurame ne. Bai taɓa zama a bencinmu ba sai ya shimfiɗa jarida. Mai asibitin, wanda muke kira Alhaji, ɗan kasuwa ne da bai san gaban allura da bayanta ba, amma yana son a gan shi kusa da ilimi. Da ya sami suruki mai digiri uku sai ya rasa inda zai ajiye shi.

Zan yi wa Dakta adalci guda ɗaya: abin da ya karanta ba ƙarya ba ne. Na saurare shi da kyau ranar da ya tara mu a ofis, daga baya kuma na tambayi wani malamin kimiyya maƙwabcina, ya tabbatar mini. Kowace waya da ke ɗauke da wutar lantarki tana cin nata kason a hanya, shi ya sa take yin ɗumi. To akwai wasu haɗe-haɗen ma'adinai waɗanda idan aka sanyaya su matuƙa, wuta ke ratsa su ba ta yi asarar komai ba. Alamar da ake gane su da ita ita ce, idan ka ɗora maganaɗisu a kai sai ya tashi ya tsaya a iska, babu abin da ke riƙe da shi. Yawanci gasa garin ma'adinan ake yi a tanda, a ɗauki lokaci mai tsawo. Hanyar da Dakta ya koyo daban ce. A ɗura garin a bututun ƙarfe, a toshe, a tayar da nakiya a jikinsa. Bugun nakiyar ya ratsa ƙarfen ya matse garin kafin ƙiftawar ido, irin matsin da babu injin da zai iya, garin ya dunƙule ya zama abu guda. A can inda ya yi karatu suna da ɗaki na musamman saboda wannan aiki, da na'urorin awo, da mutanen da suka shekara suna yi. A nan yana da suruki.

Alhaji ya san wani ɗan kwangila mai wurin fasa dutse can bayan gari, mai takardar izinin aiki da nakiya. Nan aka kai bututu uku da Dakta ya ɗura da hannunsa. An tafi da ni ne don in an sami rauni in ɗaure, wato a wurinsu mutum da sa duk ɗaya ne. Shugaban masu fasa dutsen wani dattijo ne marar yawan magana, da ya yi shekaru yana wannan aiki kuma yatsunsa goma suna nan cif. Ya duba bututun, ya juya su, ya fara wata tambaya a kan kaurin ƙarfen. Dakta ya katse shi, ya yi masa lacca ta kusan rabin awa, har da zane a ƙasa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce to, ya tafi ya yi abin da aka ce.

Muka laɓe bayan wata tifa. Bugu na farko, bututun ya tashi sama, har yau ba a san inda ya sauka ba. Na biyu ya tsage, garin da aka ce an sayo da tsada daga waje ya bi iska. Na uku ne ya tsira, a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Aka kai wa mai walda ya yanka shi a hankali, sai ga wani baƙin dunƙule a ciki da bai fi goro girma ba. Dattijon nan ya bi mu har rumfar mai waldar don ya ga ƙarshen abin. Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Mu dai dutse muke bugawa ya zama gari," in ji shi. "Yau ga wanda ya bugi gari ya zama dutse. To me zai yi maka, ranka ya daɗe?"

"Za ka ji a rediyo," in ji Dakta, ya karɓe abinsa.

Mai hankali zai shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya gwada dutsen nan shi kaɗai, ya ga ko yana aiki, kafin ya kira ko da matarsa. Dakta katin gayyata ya buga. Kafin kwana uku labari ya zaga gari cewa wani ɗan Daura ya gano yadda za a daina ɗauke wuta. A teburin mai shayi na ji wani yana rantsuwa cewa wutar kyauta za a riƙa sha daga nan har Kongolam a bakin iyaka, wani kuma ya ce har mutanen Nijar za a ɗan sam wa. Na sami Dakta a ofis na tambaye shi, cikin ladabi, ko ya gwada abin tukuna. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalmina mai kashin shanu.

"Lissafi ba ya ƙarya, malam," ya ce. "Kai dai je ka wurin shanunka."

Gwajin yana buƙatar ruwan sanyi, don sai an nutsa dutsen a ciki kafin ya nuna halinsa. An yi odar nasa daga Kano tare da namu na ƙari, a mota ɗaya. Ranar taro ta zo mota ba ta zo ba. Direba ya bugo ya ce injin masu sayar da ruwan ya lalace, sai wani satin. Da safen nan na zura sandata kamar kullum. Farin bai cika ɗani ɗaya ba. Idan ba a taɓa shi ba zai kai mu kwana goma, kuma na sha ganin irin wannan, ban damu ba. Ina mayar da murfin sai ga Alhaji a bakin ƙofa, ya sha babbar riga, turare ya riga shi shigowa.

"Ɗauko tulun nan ka sa a mota."

"Wane tulu, Alhaji?"

"Tulu nawa gare mu? Dakta yana buƙatar ruwan. Kofi ɗaya kawai."

"Ranka ya daɗe, ruwan ya yi ƙasa. Akwai iri a ciki, har da na mutane. Akwai na dattijon nan na Babban Mutum, wanda ba shi da wani a duniya."

"Ka ji ka da wata magana. Manyan gari suna zaune a rumfa, kai kana zancen maniyyin sa? Kofi ɗaya aka ce. Kai ne ma za ka riƙa ɗebowa da hannunka, ba wanda zai taɓa."

Na so in ce a'a, kuma kalmar ta zo har bakina. Amma ina da 'ya'ya biyar, kuma Alhaji ba ya son a maimaita masa magana. Na gaya wa kaina kofi ɗaya ba zai kashe kowa ba. Da hannuna na ɗauki tulun na sa a mota, na zauna a baya na rungume shi don kada ya girgiza.

An kafa rumfuna a ƙofar gidan Alhaji, an ɗaura balan-balan, an jera kujeru. Sahun gaba 'yan siyasa ne da 'yan kasuwa da wasu shugabannin makarantu, kowa ya zo ne don a ga ya zo. Mai gabatarwa ya yi ta kirari da lasifika har muryarsa ta dishe. Aka yi addu'a, aka yi jawabi huɗu, rana ta take. Sannan Dakta ya fito, ya ajiye wani farin kwanon soso mai riƙe sanyi a kan tebur, ya saka baƙin dutsensa a ciki, ya ɗaga ɗan maganaɗisu sama ya nuna wa jama'a kamar mai sayar da maganin gargajiya. Ya yafito ni da yatsa.

Na ɗebo da ludayi mai dogon hannu na zuba. Ruwan ya tafasa, farin hayaƙi ya malalo daga kwanon ya bi tebur ya sauka ƙasa. Jama'a suka ce kai! Dakta ya jira ya lafa, ya ɗora maganaɗisun da hantsaki, ya janye hannu a hankali. Maganaɗisun ya zauna daram a kan dutsen, bai ko motsa ba.

"Bai yi sanyi sosai ba. Ƙaro."

Na ƙara. Ya sake ɗorawa, ya sake zama. Ya juya dutsen ta ɗaya gefen, ya ce in ƙaro. Ya canja maganaɗisu, ya ce in ƙaro. A ludayi na biyar na sunkuya na raɗa masa cewa ya isa haka, ruwan ba na wasa ba ne. Bai ko kalle ni ba. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga, mutane sun fara duba wayoyinsu, wasu a baya sun fara tambayar ko an kawo abinci. Na ga idonsa ya yi tsuru-tsuru, kuma wallahi na ji daɗi. Na ɗauka kunyar da ya nema ce ta same shi, za a tashi in tafi da tuluna.

Sai wani mai babban tumbi a sahun gaba ya ce shi fa hayaƙin nan ne ya burge shi, me ake kiransa? Nan Dakta ya ga ƙofa. Ya fizgi wani fure daga adon teburin, ya tsoma a kwanon, ya zaro, ya murƙushe shi a tafin hannu ya zube kamar fasasshen gilashi. Wuri ya kaure da tafi. Ya sa aka kawo tumatir daga kicin, ya tsoma, ya buga a tebur ya tarwatse. Aka yi kabbara. Daga nan kowa ya tashi da nasa. Wannan ya miƙo goro, wancan ya tsinko balan-balan, wani shugaban makaranta da furfurarsa ya cire silifas ɗin direbansa ya ce a gwada. Manyan mutane, masu jikoki, suna ture juna a gaban tebur suna ihu saboda tumatir ya fashe. Ni kuma ana ta ce mini ƙaro, ƙaro, har ludayin ya fara kartar gindin tulu.

Na mayar da murfi na ce ya ƙare. Dakta ya zagayo ya ture hannuna, ya cire murfin, ya kama tulun zai karkata shi, wai zai yi musu gajimare a ƙasa. Na riƙe masa hannu gam. Ban taɓa riƙe wani babba haka ba. Sai na ɗaga kai muka haɗa ido da Alhaji. Kallona kawai ya yi, na saki.

Farin hayaƙi ya malala ya rufe takalman sahun gaba, suna ɗaga ƙafa suna dariya, masu hoto suna ta aiki. Babu wanda ya sake tuna maganaɗisu. A jawabin rufewa aka ce yau Daura ta shiga sahun ƙasashen da suka ci gaba, aka raba shinkafa. Da la'asar ina wanke ludayi na ji Dakta yana gaya wa Alhaji cewa dama irin wannan dutse, bayan bugun nakiya, sau da yawa sai an sake gasa shi cikin wata iska ta musamman kafin ya yi aiki, kuma babu irin tandar a nan. Wato ya sani, tun kafin ya buga kati ya sani. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan lokacin ba, kuma har yau rainin bai ragu ba.

Sanda ta nuna fari a ɗan bakinta kawai. Na nannaɗe tulun da barguna na kai ɗakin da ya fi sanyi. Washegari motar Alhaji za ta kai Dakta filin jirgi a Kano, na roƙi a sa tulun a baya in bi su in nemi ruwa ko a ina ne. Dakta ya ce akwatunansa sun cika wurin. Na tafi tasha na shiga motar haya da tulu a cinya. A Kano na tarar injin nan da gaske ya lalace. Aka kwatanta mini wani wuri, na je an tashi. Aka ce in gwada wani da safe. Lokacin da na sami masu ruwan, na zura sanda kafin su zuba, ta fito baƙa ƙirin kamar yadda ta shiga. Duk da haka na ce su cika.

Da na dawo na rufe ƙofa, na ciro tsinke ɗaya daga gwangwani mai jan zare, na narkar da shi, na ɗiga a gilashi na duba a madubin gwaji. Iri mai rai idan ka duba shi gani za ka yi yana ta kai-kawo kamar kasuwa ta cika. Wannan kuwa kwance yake, babu ko ɗaya mai motsi. Na daɗe ina kallo, ina jiran ko guda ɗaya ya kaɗa wutsiya. Na nemi masu binciken nan a waya, aka ce aikinsu ya ƙare tuni, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya san inda nasu rabon yake. Alhaji ya ce a zubar da duk irin asibiti a sayo sabo, ya ɗora laifin a kan direban Kano. Na zubar da na asibiti. Shidan nan na mayar da su cikin tulu.

Bayan kwana tara Baffa ya tsaya a bakin ƙofa ya tokare da sandarsa, ya tambayi baƙonmu. Na shirya abin da zan faɗa masa tun a motar Kano, na maimaita shi ya fi sau ɗari. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa lafiya lau, barcinsa yake yi.

Na sami dalilai, kuma na iya jera su. Na ce wataƙila wanda na duba shi ne na sama, sauran suna da rai. Na ce tsoho ne, labarin zai iya kayar da shi. Na ce idan magana ta fita Alhaji zai kore ni, makiyaya kuma ba za su sake yarda da tulu ba har abada. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ainihin abin shi ne ba zan iya tsayawa gaban mutumin nan in ce masa an zubar da bijimin mahaifinsa a ƙasa don masu manyan riguna su yi dariya, kuma ni na ɗauko tulun ba.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito. Wata safiya ya sa aka bugo mini waya daga rugar cewa karsana ta nemi sa. Na hau babur na je. Ta yi kyau ƙwarai, ja jawur, ƙahonta ya fara buɗewa. Na yi aikina yadda ya kamata, na wanke hannu, na yi bisimilla, na sa mata abin da na san matacce ne. Baffa yana riƙe da kanta yana yi mata magana da Fillanci a hankali. Aka dama mini fura da nono mai kauri, na sha har na ƙoshi.

Bayan sati uku ta sake nema. Ya ce ba komai, na farko dama yakan kuɓuce. Na koma na sa mata. Ta sake nema, na sa mata biyu a lokaci ɗaya, ina nuna ƙwazo. Duk daminar nan Baffa bai bar ta ta bi garke ba, don kada wani bijimin banza ya riga baƙonsa. Ɗaure ta yake yi a gindin wata bishiya kusa da bukkarsa, ya tafi da lauje ya yanko mata ciyawa, ya ɗauko a ka, mutumin da ya haura saba'in. Maƙwabtansa suka fara cewa juya ce, ba za ta taɓa haihuwa ba. Ni na sa hannu na duba mahaifarta sau huɗu, na san lafiyarta ƙalau, da za a sake ta cikin garke kwana ɗaya da ta ɗauka. Ranar da na sa tsinke biyun ƙarshe na ɗan yi ƙarfin hali na ce masa, idan wannan bai kama ba, a gwada ta da wani bijimin mana. Ya girgiza kai.

"Wadda ta ƙi irin wancan, malam, na wa za ta karɓa? Kai ba ka san shi ba sosai. Bai taɓa hawa saniya ta tashi banza ba."

Nan ne wuri na ƙarshe da zan iya faɗa, kuma na ga wurin sarai, na wuce shi. Dakta ya yi ɓarnarsa a yini ɗaya, cikin girman kai da borin kunya, bai san Baffa ba, bai taɓa ganin karsanar ba. Ni na san su duka biyun, kuma wata huɗu na yi ina tawa, ina shan fura.

Bayan an gama girbi ya kai ta kasuwar Mai'adua. Dillalai suka tambaya, shi kuma ba ya ƙarya, ya ce musu juya ce, an gwada ta an gaji. Da jin haka masu kiwo suka janye, mahauta suka matso. Wani maƙwabcinsa ne ya ba ni labari, ya ce tsohon bai tsaya ya ga an ɗora ta a mota ba.

Sati biyu bayan haka ina tsakar asibiti ina wanke wa wani jaki miki, sai na ji sallamarsa. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya shigo har inda nake. Ya rame. Yana riƙe da ƙaramar ƙwarya an rufe ta da faifai, ya buɗe, man shanu ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Malam, na zo ne in ba ka haƙuri. Shekara biyu kana tsare mini amana, kullum kana duba ta. Ka yi ta zirga-zirga a kan babur cikin ruwa da laka. Ni kuma na rasa wadda zan kawo maka sai saniyar banza, ta cinye mana shi duka. Laifina ne, da na duba da kyau. Ka yafe mini don Allah."

Ya miƙo ƙwaryar. Na goge hannuna a jikin riga, na sa hannu biyu na karɓa, na ce masa na yafe.